Eriya a Kan Ɗakin da Ke Tafiya

Masu yawo da tirelar kwana a Amurka suna da wata dabara da suka daɗe suna koya wa sabon shiga: in ka ɗaga eriyar talabijin, rataya makullin motarka a mariƙin da ka murza. Mariƙin yana jikin silin, daidai saman kai, kuma shi ke miƙar da eriyar da ke kwance bisa rufi. Gari na wayewa mutum zai naɗe shimfiɗa, ya kwashe kujeru, ya ɗaura tirela a bayan mota, ya manta sarai da ƙarfen da ke tsaye a sama. Reshen bishiyar farko da ya bi ta ƙarƙashinsa ne zai tuna masa, bayan an riga an yi ɓarna. Wanda makullinsa ke lilo a mariƙi kuwa, ba shi da halin tayar da mota sai ya sauke eriya.

Tirelar kwana ƙaramin ɗaki ne mai taya da ake ja da mota, da gado da murhu da ɗan teburi a ciki. Ta girmi talabijin ɗin gida. Tun 1919 matafiya masu kwana a hanya suka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists a Tampa ta jihar Florida. Arthur Sherman ya baje tirelarsa ta Covered Wagon a kasuwar nunin motoci ta Detroit a 1930, Wally Byam kuma ya fara ƙera Airstream a Kalifoniya a 1931. Daga baya garin Elkhart na jihar Indiana ya zama cibiyar sana'ar, har gobe kuma daga yankinsa mafi yawan waɗannan ɗakuna ke fitowa. Mutanen wancan zamani rediyo ya wadatar da su, domin tashoshin matsakaicin zango sukan yi nisan tafiya da dare, ɗan guntun waya ma ya isa ya kamo su.

Talabijin ba ta da wannan sauƙin hali. Siginarta kusan a miƙe take tafiya daga hasumiyar tasha, ba ta son tsauni, ba ta son kurmi, tana kuma raunana da nisa. Wuraren da mai tirela ke sha'awar kwana, wato bakin tafki da gindin dutse da tsakiyar daji, su ne daidai inda sigina ba ta kaiwa da ƙarfi. Shi ya sa kusan duk abin da ke cikin bangon tirela a yau, daga eriya har busta mai ƙara ƙarfin sigina da waya, an bunƙasa shi ne domin mutanen garuruwan da ke nesa da tasha.

A 1948 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta dakatar da ba da sabon lasisin tashar talabijin, ba ta janye ba sai 1952. A tsawon wannan lokaci tashoshi 108 kacal ƙasar ta samu, galibinsu a manyan birane. Jama'a kuwa sun riga sun kamu da son kallo: gidaje masu talabijin sun tashi daga kashi 9 cikin ɗari a 1950 zuwa wajen kashi 87 a 1960. Mutanen ƙananan garuruwa suka ƙi zama su jira. A Astoria ta jihar Oregon, Ed Parsons ya kafa eriya a saman wani otal a 1948, ya kamo tashar Seattle mai nisan kimanin kilomita 200, ya ja waya zuwa gidansa, sannan zuwa gidajen maƙwabta. A kwarurrukan ma'adinan kwal na Pennsylvania aka riƙa dasa eriya a kan tsauni, ana gangaro da waya cikin gari, ana sanya na'urar ƙara ƙarfi a kan hanya don kada sigina ta mutu kafin ta iso. Kamfanin Jerrold, wanda Milton Shapp ya kafa a 1948, ya yi suna wajen ƙera irin waɗannan bustoci. Shapp ɗin nan ya zama gwamnan Pennsylvania a 1971. A kamfanin nasa ne wani injiniya, Eric Winston, ya fito da ɗan kan waya mai zare da ake murzawa a bayan talabijin, wanda tsinken tsakiyarsa ba komai ba ne illa tagullar wayar kanta. Arha da sauƙin ɗaurawa suka sa ya zauna daram tun farkon shekarun 1950.

A Burlington ta jihar Iowa, bakin kogin Mississippi, wani mai gyaran rediyo mai suna John Winegard ya shiga haɗa eriya da hannunsa a ƙarshen shekarun 1940 don ya kamo tashar Chicago, wadda ke nesa da shi fiye da kilomita 300. Ya gina aikinsa a kan fasalin da Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka fitar a Jami'ar Tohoku ta Japan a 1926: jerin sanduna a kan dogon ƙashin baya, masu tattara sigina daga fuska ɗaya. Mutane suka fara neman ya yi musu, abin ya zama kamfani a farkon shekarun 1950. Sunan Winegard ne daga baya ya mamaye rufin tireloli.

Amma kafin eriya ta hau tirela, sai da ita talabijin ɗin ta ƙanƙance. Talabijin ta shekarun 1950 ƙatuwa ce mai nauyi, cike da kwalaben lantarki masu zafi da cin wuta, ba ta jure girgizar hanya. Transista ce ta kawo sauyi. Philco ya fitar da Safari mai aiki da batir a 1959, Sony ya biyo da tasa a 1960, sannan a 1962 ya kawo wata 'yar mitsitsiya mai allon inci 5 da za ta iya cin wutar bolt 12, irin ta batirin mota. Daga nan kallo a daji ya daina zama mafarki. Sai dai eriya mai kunnen zomo da ake ɗorawa a kan akwati ba ta taɓuka abin kirki a cikin tirela irin Airstream, domin jikin alminiyam yana tare sigina kamar garkuwa. Dole eriya ta fita waje, ta kuma hau sama. Da fari mutane kan ɗaure sanda a ƙarfen gaba na tirela, su kafa ta in an sauka, su kwance ta in za a tashi.

Mafitar da ta karɓu ita ce eriyar Winegard mai suna Sensar, wadda matafiya ke kira fiffiken jemage saboda siffarta. Fukafukai biyu ne na alminiyam da ƙoƙon roba a tsakiya, a kan hannaye biyu masu naɗewa. Daga cikin ɗaki ake murza mariƙi ta miƙe, a jawo wani faifai ƙasa a juya ta zuwa inda tasha take. Duk wanda ya tashi a gidan da ake tura yaro waje ya juya gorar eriya, manya na ciki suna “ya yi, ya yi, tsaya nan!”, ya san wannan aiki, bambancin kawai shi ne mai tirela yana juyawa idonsa na kan allo. Faɗin fukafukan ma da dalili. Tashoshi na 2 zuwa 13, wato rukunin VHF, igiyarsu doguwa ce: ta tasha ta 2 ta haura mita 5. Eriyar da za ta kama irin wannan ba ta yiwuwa ta zama ƙarama, don haka aka yi mata faɗin da rufi zai iya ɗauka, aka cike giɓin da busta.

A nan ne hikimar wayoyin take, kuma ita ce ta fi rikita masu gyara da kansu. A bangon tirela, kusa da inda ake ajiye talabijin, akwai wani ɗan faranti mai kan waya, da maɓalli, da ƙaramar fitila, sau da yawa koriya. Tsofaffin samfura har da soket irin na kunna sigari a mota. Mutane da dama suna ɗauka farantin nan shi ne busta. A tsarin Sensar mai busta, na'urar ƙara ƙarfin tana can sama cikin ƙoƙon eriya. Aikin faranti shi ne ya ɗebo wutar bolt 12 daga batirin tirela ta cikin fis, ya tura ta sama. Kuma ba a ja wata waya ta daban don wannan ba. Waya guda ce, wutar batir na hawa ta cikinta, sigina na saukowa ta cikinta, ba sa cakuɗewa domin ɗaya wuta ce mai gudu fuska ɗaya, ɗayar kuma igiya ce mai kaɗawa sau miliyoyi a daƙiƙa, ƙananan kayan lantarki biyu sun isa su raba su.

Sanya busta a sama ba ado ba ne. Kowace mita ta waya tana cin wani abu daga sigina. Idan aka bari ta yi rauni a hanya sannan aka ƙara mata ƙarfi a ƙasa, an ƙara ne har da hayaniyar da ta lulluɓe ta. Gara a ƙarfafa ta tun tana da tsabta, a bakin eriya. Ko da hakan, busta ba ta ƙirƙiro abin da babu. In tsauni ya tare tasha, ba maɓallin da zai kawo ta. Kusa da hasumiya ma busta kan zama matsala, don sigina mai ƙarfi tana cika ta fiye da kima, hoto ya lalace.

Ita kanta wayar ta sauya. Ta da shimfiɗaɗɗiya ce, zare biyu a jere cikin roba, mai om 300. Tana da kyau a sarari, amma ba ta shiri da ƙarfe ko danshi, ga tirela kuwa duk ƙarfe ce da raɓa. Sai aka koma ga mulmulalliyar waya mai om 75, tagulla a tsakiya, saƙar ƙarfe a kewaye kamar sulke. Tsofaffin tireloli suna ɗauke da siririyar RG-59, sababbi kuma RG-6, wadda ba ta zubar da sigina sosai a manyan tashoshi.

Da sansanonin kwana suka fara ba da layin kebul a kowane fili, tare da ruwa da wuta, sai aka ƙara wani kan waya a jikin tirela ta waje, shi ma ya zo ya haɗu a farantin nan. Maɓalli ya samu aiki na biyu: a kunne, eriya, a kashe, kebul ɗin sansani. Ba a san adadin matafiyan da suka je ofishin sansani suna ƙorafin layi ya lalace ba, alhali fitilar busta ce ke kunne. Akasin haka ma yana faruwa. Wani zai so ya ƙara talabijin ta biyu a wajen gado, ya yanke wayar da ke tsakanin faranti da rufi ya saka abin raba layi. Da yawa daga cikin waɗannan ba sa barin wutar batir ta wuce, sai busta ta mutu, eriya ta koma kusan kurma. Wurin raba layi yana bayan faranti ne, kuma ko a nan kowane reshe ƙasa da rabin ƙarfin yake samu. Ƙwararren mai gyara ba ya ɓata lokaci da zato: zai hau rufi, ya kwance waya daga ƙoƙon eriya, ya ɗora mitar auna wuta tsakanin tsinke da sulke. In ya ga bolt 12, laifin na eriya ne. In bai gani ba, sai ya bi waya, kuma sau da yawa a inda take lanƙwasa kullum wajen ɗagawa da saukewa yake samun karaya, ko tsatsa a inda ruwa ya ratsa shafen rufi.

A ƙananan tireloli na faiba, irin Boler da Ray Olecko ya fara yi a Winnipeg ta Kanada a 1968, da Scamp ta Minnesota, masu tsawon ƙafa 13, lamarin ya fi tsauri. Rufi ƙanƙane ne mai gantsarwa, bango ba shi da kogon ɓoye waya, kuma masu su ba sa son huda jikin da aka zuba shi don kada ya yi yoyo. Da yawansu har yanzu sanda suke ɗaurewa a baya ko a gaba, su shigo da waya ta ƙasa. Wannan zaɓi ne mai hankali, domin rami ɗaya a rufi yana iya jawo ɓarnar da ta fi kuɗin eriya goma.

Ranar 12 ga Yuni, 2009, manyan tashoshin Amurka suka rufe tsohuwar sigina suka koma dijital. Gwamnati ta raba takardun rangwamen dala 40 don sayen akwatin juya sigina, amma matafiya sun gamu da abin da akwati ba ya magancewa. A da, tasha mai nisa takan zo da yayyafi a allo, ana kallo a haka, ana juya eriya a hankali har ya washe. Dijital kuwa ko hoto tas, ko allo baƙi. Mai juya eriya ya rasa jagora. Ga shi kuma a kowane sabon masauki sai an sa talabijin ta sake laluben tashoshi, wanda ba zai yi amfani ba in eriya na kallon inda ba daidai ba. Tashoshi da yawa sun kuma koma rukunin UHF mai gajeren igiya, inda fiffiken jemage ba shi da ƙarfi. Winegard ya fitar da wani ƙarin sanduna mai suna Wingman da ake maƙalawa a ƙasan tsohuwar eriya, kamfanin King kuma ya kawo Jack, ƙaramar eriya da ba sai an ɗaga ta ba, mai fitilun nuna ƙarfin sigina.

Bayan haka gwamnati ta sayar wa kamfanonin wayar salula wani yanki na zangon talabijin, aikin da aka kammala a 2020, tashoshi suka tsaya a lamba 36. Tsohuwar busta da aka ƙera don ta ƙarfafa har tasha ta 69 yanzu tana ƙarfafa siginar hasumiyar salula tare da ta talabijin, shi ya sa sababbi ke zuwa da matatar sigina a ciki. Fitilun LED masu arha da cajojin waya da suka cika tireloli su ma suna fitar da hayaniyar da ke kashe tashoshin VHF.

Da yawa daga tirelolin da ke fitowa daga Elkhart a yau suna ɗauke da eriya mai siffar ƙwarya a kife, wadda ke kamawa daga kowace fuska, ba ɗagawa, ba juyawa, wasu har da eriyar intanet a ciki. Sauƙi ya samu, nisa ya ragu: eriyar da ke sauraron ko'ina ba ta kamo tasha mai nisa kamar wadda aka saita fuska ɗaya. Saboda haka masu kwana can cikin daji da yawa suka ƙi rabuwa da tsohuwar Sensar, kuma har yanzu ana sayar da giyarta ta roba da mariƙinta da ƙoƙonta ɗaiɗai a shagunan kayan tirela.