Gubar da bakteri ke yi wa junansu: daga kolisin zuwa probiyotik

Galibi idan ana bayar da tarihin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, daga penisilin ake farawa, wato daga abin da Fleming ya gani a shekara ta 1928. A ganinmu wannan tsari ya rufe wani reshe da ya girme shi. Tun a 1877 Pasteur da Joubert suka lura cewa ƙwayar cutar saifa ba ta yaɗuwa sosai idan wasu bakteri na tare da ita. A 1925 kuma André Gratia, wani masani ɗan Beljik, ya nuna cewa wani irin Escherichia coli na fitar da abin da ke kashe wani irin na jinsinsa. Daga baya shi da Pierre Fredericq suka raɗa masa suna kolisin, sannan a 1953 Jacob da Lwoff da Siminovitch da Wollman suka kawo kalmar bakteriyosin domin dukan dangin.

Me ya sa aka yi watsi da su? Bakteriyosin furotin ne, ko guntunsa, kuma yawanci dangi na kusa kawai yake kashewa. Likitan da bai tantance ƙwayar da ta kama majinyaci ba ya fi son penisilin mai faɗin aiki. Sai masana'antar abinci ta ɗauki abin da asibiti ya bari. Nizin, wanda Lactococcus lactis na madara ke yi, ya shiga kasuwa a Ingila cikin shekarun 1950 domin hana cuku lalacewa, kuma kwamitin FAO da OMS ya amince da shi a 1969. Yana kama lipid II, tubalin ginin bangon ƙwaya, ya kuma huda fatarta.

Labarin Alfred Nissle ya fi jan hankalinmu. A 1917, lokacin yaƙin duniya na farko, wannan likita na Jamus ya ware wani E. coli daga bayan gidan wani soja da gudawa ba ta kama ba alhali ta kwantar da abokansa. Ya mai da shi magani da sunan Mutaflor, wanda ake sayarwa har yau. Nissle ya ga ƙwayarsa na rinjayar wasu, amma dalilin ya ɗauki lokaci kafin ya fito: tana yin ƙananan gubobi biyu, mikrosin M da H47. Wani aiki da mujallar Nature ta buga a 2016 ya nuna cewa da su take danne Salmonella a cikin kumburarren hanjin ɓera. Kafin nan, a 2007, masu bincike a Cork ta Irlanda sun gwada Lactobacillus salivarius UCC118: ta kare ɓeraye daga Listeria, amma da aka lalata mata halittar yin gubar, kariyar ta ɓace. Wannan gwaji shi ne hujja mafi ƙarfi a wajenmu, ko da yake ɓera ba mutum ba ne.

Abin da aka ɗauka aibi a da, wato ƙarancin faɗin aiki, shi ake nema yanzu, tunda antibiyotik na share ƙwayoyin hanji masu amfani tare da miyagun, ga kuma cututtukan da ba su jin magani, waɗanda aka ƙiyasta sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019.

Ɗalibanmu kan tambaya ko nono da kindirmo na cikin wannan sahu. Bakterin da ke tsamar da su dangin masu yin nizin ne, amma tsamin kansa na hana ƙwayoyi da yawa, don haka dole a raba aikin tsami da na guba a ɗakin gwaji. Kuma bisa ma'anar da FAO da OMS suka bayar a 2001, ba a kiran ƙwaya probiyotik sai tana raye, an sha ta da isasshen yawa, an kuma tabbatar da amfaninta ga lafiyar mai sha.