Asalin Kalma: Sabella

Manomin fadama a Birnin Kudu ko Gwaram ya san tana sarai. Da damina fartanya ke tono ta, masunta kuma su soke ta a ƙugiya. To, wannan halitta tana da dangi a teku, ɗaya daga cikinsu ana kiranta Sabella.

Sunan ya samo asali daga kalmar Latin sabulum, wato rairayi. Masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa shi a 1767. Wannan tsutsa kan cuɗa laka da rairayi da yauƙin jikinta, ta gina bututu ta zauna ciki, sai ta baza gashin kanta kamar mafici tana tace abinci daga ruwa. Tun a 1758 Linnaeus ya sa wa 'yar uwarta suna Serpula, ma'ana ɗan maciji, saboda murɗaɗɗen bututun da take ginawa da sinadarin alli.

A 1850 Bajamushe Adolph Grube ya kira rukuninsu Polychaeta, wato masu gashi da yawa a Girkanci. Tana kuwa ya sa ta cikin Oligochaeta, masu gashi kaɗan.