Daga Aci-Balbal Zuwa Lantarki: Tarihin Hasken Dare a Wudil

Masu iya magana sun ce dare mahutar bawa. To amma mu marubuta a cikinsa muke aiki, don haka ya kamata mu san tarihin hasken da muke rubutu da shi.

Kakanninmu a Wudil da aci-balbal suka raya dare: ɗan kasko, man gyaɗa ko man kaɗe, sai lagwanin auduga. Almajirai kuwa kara suke yowa, su hura wuta a tsakiyar tsangaya, su kewaye ta da allunansu. Duk wannan haske daga gona yake fitowa, ba a neman izinin kowa. Da kananzir da fitilar ƙwai suka zo, sai haske ya zama abin saye a kasuwa. Da lantarki ya zo kuma, ya zama abin da hukuma take rabawa.

A zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926-1953) ne En'e ta Kano ta kafa injin wuta a Challawa da kuɗin Baitulmali. Harajin talakawan gundumomi irin tamu yana cikin abin da ke cika Baitulmalin, amma birni da unguwar Turawa suka fara shan hasken. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Daga nan ragama ta yi ta nisa da mu. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa hukumar ECN a 1950, aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972. Da haka hasken garin da ke bakin kogi ya dogara ga ruwan Kwara da shawarar mutanen Ikko. Gwamna Abubakar Rimi (1979-1983) ya yi ƙoƙarin kai wuta karkara, amma ja waya daban, samar da wutar da za ta bi ta daban. A 2013 aka miƙa rarraba wutar Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO.

A 2023 aka yi dokar da ta ba jihohi ikon samar da lantarki da kula da kasuwarsa. Ke nan ragama ta fara dawowa kusa da gida, kamar zamanin En'e. Sai mu sa ido, kada a sake karɓar kuɗin ƙauye a haska birni.

'Yan'uwa marubuta, dattawan da suka yi karatu da wutar kara suna ƙarewa. Mu je mu ji daga bakinsu, mu rubuta. Allah ya sa mu dace, amin.