Jagora Kan Kwatantawa da Zaɓen Shirin Digirin Digirgir a Fannin Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Gabatarwa

Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin ɗalibai da malaman makarantu da ma'aikatan lafiya waɗanda ke da niyyar neman digiri na uku, wato digirin digirgir, a fannin ilimin halayyar ɗan Adam, ko a gida Najeriya ko a ƙasashen waje. Karatu ne da yakan ci wa mutum shekara uku zuwa bakwai, ban da ɗawainiyar kuɗi da rabuwa da iyali. Abin da muke son mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, digirorin wannan fanni ba su zama ɗaya ba, ko da kuwa duk masu su ana kiran su dakta. Wani digirin na koyarwa da bincike ne kawai, wani kuma shi ne ke buɗe ƙofar samun izinin duba masu fama da matsalolin tunani. Saboda haka wajibi ne ɗalibi ya tsai da shawara kan aikin da yake son yi bayan kammalawa, kafin ya dubi sunan kowace jami'a.

Har ila yau, ya kamata a bambance wannan fanni da likitancin ƙwaƙwalwa. Likitan ƙwaƙwalwa sai ya fara karatun likita sannan ya ƙware, kuma shi ke rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam kuwa aikinsa bincike ne da gwaje-gwajen auna tunani da ɗabi'a, da kuma jinya ta hanyar tattaunawa.

Asalin Rabuwar Digirorin

Masana tarihi sukan ɗauki shekarar 1879 a matsayin mafarin wannan fanni na zamani, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje a jami'ar Leipzig ta ƙasar Jamus. A farkon al'amari fannin na bincike ne. Bayan yaƙin duniya na biyu, yawan sojojin da suka dawo da raunin tunani ya sa Amurka ta buƙaci masu jinya da yawa. A 1949 aka yi taro a garin Boulder na jihar Kolorado, inda aka amince cewa mai digirin PhD a ɓangaren jinya ya zama mai bincike kuma mai duba marasa lafiya a lokaci guda. Daga baya wasu suka ga cewa binciken yana danne horon jinya, don haka a wani taro da aka yi a garin Vail a 1973 aka amince da digirin PsyD, wanda ya fi ba da ƙarfi ga aikin jinya. Wannan rabuwa tana nan har yanzu.

Tsarin Amurka

A Amurka digirin PhD yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Ana iya shigarsa da digirin farko, domin shekarun farko na darussa ne a aji, musamman lissafin ƙididdiga da dabarun bincike. Guraben kaɗan ne kuma gasar tana da zafi, amma jami'o'i da dama sukan yafe kuɗin makaranta su kuma biya ɗalibi alawus, shi kuwa ya taimaka wajen koyarwa ko bincike. Digirin PsyD yakan ɗauki shekara huɗu zuwa shida, yakan ɗauki ɗalibai masu yawa, sai dai galibi ɗalibi ne ke biyan kuɗin da kansa, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne.

Wanda ya zaɓi ɓangaren jinya, ko ta PhD ko ta PsyD, sai ya yi zaman koyon aiki na shekara guda cur kafin a ba shi digiri, sannan ya ci jarrabawar EPPP kafin jihar da yake ta ba shi lasisi. Ƙungiyar masana fannin ta Amurka, wato APA, wadda aka kafa a 1892, ita ke tantance shirye-shiryen jinya da na ba da shawara da na makarantu, kuma ba ta tantance shirin da ake yin sa kacokan ta intanet. Haka kuma tana wajabta wa shirye-shiryen da ta tantance su wallafa alƙaluman yawan ɗaliban da suka ɗauka, da shekarun da ake yi kafin a gama, da yawan waɗanda suka bar karatu, da waɗanda suka samu lasisi. Waɗannan alƙaluma sun fi tallar jami'a amfani wajen kwatantawa.

Tsarin Birtaniya

A Birtaniya PhD bincike ne zalla na shekara uku zuwa huɗu a ƙarƙashin malami mai duba aiki, ana kuma kammala shi da kare kundi da baki a gaban masu jarrabawa. Wannan digiri ba ya ba mutum izinin jinya. Mai son jinya sai ya nemi digirin DClinPsy na shekara uku, wanda hukumar lafiya ta ƙasar, wato NHS, ke ɗaukar nauyin mafi yawan gurabensa, kuma waɗannan gurabe na masu izinin zama da aiki a ƙasar ne. Guraben baƙi masu biyan kuɗi da kansu ba su da yawa. Tun daga 2009 hukumar HCPC ce ke yi wa masu aikin jinya a wannan fanni rajista. A nan ne ɗalibai da dama ke yin kuskure, su kwashe shekara uku suna bincike da zaton za su dawo su buɗe wurin jinya.

Tsarin Najeriya

Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ce ta fara buɗe sashen wannan fanni a 1964, sannan jami'o'in Legas da Ibadan da Jos suka biyo baya. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano ana nazarin ɓangaren da ya shafi koyo da koyarwa da ba da shawara a tsangayar ilimi. Ana shiga PhD ne bayan digiri na biyu, kuma ba a gama shi ƙasa da shekara uku. Horon jinya ya fi farawa daga digiri na biyu, tare da zaman koyon aiki a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Aro a Abekuta.

Karatu a gida ya fi sauƙin kuɗi, kuma yana kusanta ɗalibi da mutanen da zai yi bincike a kansu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mafi yawan ma'aunan fannin da Turanci aka tsara su, a kan al'ummomin Turai da Amurka, kuma ba sa aiki daidai a kan Bahaushe ko Babarbare sai an fassara su an sake gwada ingancinsu. Amma fa a lissafa da yiwuwar tsaiko saboda yajin aiki, kamar na 2022 wanda ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas.

Abubuwan da Ya Kamata a Kwatanta

Na farko, malamin da zai duba aiki. A wannan mataki malami ya fi sunan jami'a tasiri. A karanta maƙalolin da ya wallafa a 'yan shekarun nan, a binciki ɗalibai nawa suka gama a hannunsa, a kuma rubuta masa wasiƙa kafin a sayi takardar neman gurbi.

Na biyu, kuɗi. A nemi a rubuce shekara nawa tallafin zai ɗauka, da ko ya haɗa da kuɗin zirga-zirgar bincike da inshorar lafiya da na iyali. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana tallafa wa malaman manyan makarantun gwamnati, sai dai daga farkon 2025 ya dakatar da ɗaukar nauyin sabbin masu tafiya waje, don haka a nemi ƙarin bayani a makarantar da ake aiki. Akwai kuma tallafin Kwamanwel na Birtaniya da na hukumar DAAD ta Jamus.

Na uku, tantancewa. A gida a tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da shirin. Takardar waje kuwa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke auna ta. A watan Janairu na 2024 ma'aikatar ta dakatar da karɓar digirorin Jamhuriyar Binin da Togo bayan an bankaɗo cinikin takardun bogi, abin da ya jefa har waɗanda suka yi karatun gaskiya cikin damuwa.

Na huɗu, sa'o'in koyon aiki. Mai son jinya ya tambayi asibitocin da shirin ke hulɗa da su, da kuma wanda zai sa ido a kansa a can.

Na biyar, wurin da za a yi aiki. Lasisin wata ƙasa ba ya bin mutum zuwa wata sai da sabuwar rajista.

Kammalawa

A watan Janairu na 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Rikicin arewa maso gabas da ya ɓarke a 2009, da matsalar shaye-shaye tsakanin matasa, sun ƙara fito da buƙatar ƙwararru masu jin harshen jama'a. Muna shawartar duk mai niyya da ya zaɓi shirye-shirye uku zuwa biyar, ya jera su a takarda ɗaya bisa abubuwa biyar da muka lissafa, ya kuma tuntuɓi aƙalla mutum ɗaya da ya gama kowane shiri kafin ya biya ko sisi. Allah ya ba da sa'a.