Sixto Rodriguez: Mawaƙin da Aka Yi wa Makoki Yana Raye

Gabatarwa

Ƴan'uwa ɗalibai, in aka ce mawaƙin Amurka, abin da ke fara zo mana a rai shi ne mutum mai manyan motoci da sarƙar zinariya a wuya. Wanda za mu duba tarihinsa a nan lebura ne. Sama da shekara 20 ya yi yana rusa tsofaffin gidaje a birnin Detroit, yana kwasar tarkace a kafaɗa. A daidai wannan lokacin, can Afirka ta Kudu, ana ta sayen faifansa dubbai, kuma masu sayen sun gama yarda cewa ya daɗe da mutuwa. Sunansa Sixto Diaz Rodriguez. Tambayar da tarihinsa ke ajiye mana guda biyu ce: ƙaƙa waƙa za ta yi nisa haka mai ita bai da labari? Kuma ina kuɗin suka shiga?

Asalinsa

An haife shi ranar 10 ga Yuli 1942 a Detroit, cikin jihar Michigan. Iyayensa ƴan ci-rani ne daga Meksiko, irin talakawan da suka cika birnin suna neman aiki a masana'antu, tunda a lokacin Detroit ita ce cibiyar ƙera motoci ta Amurka. Shi ne ɗa na shida a gidan, shi ya sa aka raɗa mishi Sixto. Da a Maraɗi ko Damagaram aka haife shi, Sadisu za a ce mishi. Uwarsa ta rasu yana da shekara 3.

Ya tashi a unguwannin talakawa na tsakiyar birni, kuma abin da ya gani da idonsa shi ya zuba cikin waƙa: dillalan ƙwaya, ƴan sanda, masu mulkin da ba ruwansu da talaka, ma'aikacin da aka sallama. A watan Yulin 1967 Detroit ta kama da wuta, aka yi tarzomar da ta ci rayuka 43. A wannan shekarar ce ya fitar da ƙaramin faifansa na farko a wani kamfani mai suna Impact. Kamfanin ya datse sunansa biyu, ya buga “Rod Riguez” a kan faifan. Ku riƙe wannan, don maganar suna za ta dawo.

Faifai biyu da ba su samu kasuwa ba

Salon kiɗansa shi ake kira fok-rok. Asalinsa waƙar gargajiyar talakawan Amurka ce, wadda mutum ɗaya ke rerawa da jitarsa, kalmomi su ne jarinta. A tsakiyar shekarun 1960 aka haɗa ta da ganguna da jitar lantarki, kuma Bob Dylan ne ya fi shahara da wannan haɗin. Shi ya sa duk wanda ya ji Rodriguez sai ya kwatanta shi da Dylan.

Wasu masu shirya kiɗa biyu, Mike Theodore da Dennis Coffey, su suka tarar da shi yana wasa a wata mashaya mai suna The Sewer, ya juya wa jama'a baya. Suka kai shi kamfanin Sussex na Clarence Avant. A 1970 aka fitar da faifansa Cold Fact, wato kamar a ce “gaskiya tsirara”. Sannan ya tafi Landan ya naɗi na biyu, Coming from Reality, wanda ya fito a 1971. Duka biyun ba su sayu ba a Amurka. Sussex ta sallame shi, ita ma ta rufe a 1975.

To fa, sai mutumin ya rataye jita ya koma aikin ƙarfi: rusau, gyaran gidaje, aikin masana'anta. Ya sayi wani kangon gida a gwanjon gwamnati kan dalar Amurka 50, kuma a nan ya yi ta zama shekara da shekaru. Bai bar karatu ba, don a 1981 ya kammala karatun falsafa a jami'ar Wayne State. Ya kuma shiga siyasa, har sau biyu yana takarar magajin garin Detroit, bai ci ba.

Inda waƙa ta je ba da sanin mai ita ba

Tun farkon shekarun 1970 Cold Fact ya shiga Afirka ta Kudu, kamfanonin ƙasar suka riƙa buga shi, matasa kuma suna kwafa a kaset suna miƙa wa juna. An ƙiyasta cewa an sayar da faifansa wajen rabin miliyan a ƙasar.

Don a gane dalili, sai an tuna wace irin ƙasa ce a lokacin. Mulkin wariyar launin fata ya toshe ta ciki da waje. Talabijin ma sai 1976 aka buɗe. Hukuma na tace littafi da fim da waƙa. A gidan rediyon gwamnati, an samu kwafin Cold Fact da aka kakkarce daidai kan waƙar “Sugar Man” da abu mai tsini, don kada wani ma'aikaci ya yi kuskuren sa ta, saboda tana ambaton sunayen ƙwayoyi. Amma kun san halin matashi: abin da aka hana shi, shi yake nema.

A nan sai mu faɗi gaskiya yadda take. Mafi yawan masu sauraronsa Turawa ne ƴan makaranta da samarin da aka tura aikin soja na dole. Baƙaƙen fata suna da nasu muryoyin, irin su Miriam Makeba da Hugh Masekela, waɗanda suka sha zaman gudun hijira. Saboda haka wanda ya ce waƙar Rodriguez ce ta kada mulkin wariya ya zuzuta. Abin da ta yi ya fi haka ƙanƙanta, amma ba na yarwa ba ne: ta shiga ɗakin ɗiyan masu mulki ta nuna musu cewa ana iya musu da hukuma. Akwai waƙarsa mai kalmar “establishment” a cikin sunanta, kalmar da ke nufin rukunin masu riƙe da mulki da dukiya. Cikin masoyansa akwai wanda ya faɗa daga baya cewa daga wannan waƙa ya fara sanin ma'anar adawa da wannan rukuni. Mu da ke nazarin harshe mun san nauyin wannan. Mutum na iya jin abu na damunsa shekaru, amma sai ya samu sunan abin yake iya yin gardama a kansa. Mawaƙan Afrikaans na tafiyar Voëlvry, waɗanda suka yi wa gwamnati tawaye da waƙa a ƙarshen shekarun 1980, suna cikin waɗanda suka tashi da faifansa.

Da yake babu wanda ya taɓa ganinsa, kuma babu jaridar da ke kawo labarinsa, sai jita-jita ta cike gurbin. Wasu suka ce ya harbe kansa a kan dandamali. Wasu suka ce wuta ya cinna wa kansa a gaban ƴan kallo.

Yadda aka gano shi

Bayan faɗuwar mulkin wariya, mutum biyu suka sa kansu binciken yadda ya mutu: Stephen Segerman, wani masoyin waƙoƙinsa, da ɗan jarida Craig Bartholomew Strydom. Abin da ya fara rikita su shi ne suna. A bayan Cold Fact, an rubuta cewa wani Jesus Rodriguez ne ya tsara yawancin waƙoƙin, wasu kuma “Sixth Prince”. Ga kuma Rod Riguez na da can. Mutum ɗaya, suna barkatai, wa za ka nema?

Strydom ya fara bin sawun kuɗi, hanya ta toshe. Sai ya koma ga kalmomin waƙoƙin da kansu, yana tsintar sunayen wurare. A cikin “Inner City Blues” ya ci karo da Dearborn, ya duba taswira, ya ga gari ne da ke maƙwabtaka da Detroit. Kun ga aikin nazarin matani ke nan. A 1997 ya samu Mike Theodore ta waya, ya tambaye shi yadda mawaƙin ya mutu, shi kuwa ya shaida mishi cewa mutumin na nan da ransa. A wannan shekarar kuma ɗiyar Rodriguez, Eva, ta ga shafin da aka buɗe a intanet don cigiyar mahaifinta, ta amsa.

Ranar 6 ga Maris 1998 ya hau dandamali a Cape Town, yana da shekara 55, gaban dubban mutanen da suka haddace waƙoƙinsa tun suna yara. Wasa shida ya yi a wannan zuwan. Da aka gama ya koma Detroit, ya ci gaba da aikinsa.

Fim, da abin da fim ya tsallake

Duniya ba ta san labarin sosai ba sai 2012, da Malik Bendjelloul, ɗan Suwidin mai tsatson Aljeriya, ya fitar da fim ɗin Searching for Sugar Man, wanda ya ci kyautar Oscar a 2013. Daga nan Rodriguez, yana da shekara 70, idanunsa sun fara rauni, ya shiga zagaya manyan bukukuwan kiɗa irin su Glastonbury da Coachella.

Fim ɗin ya yi daɗi, amma mai karatun tarihi sai ya yi hattara. Bai faɗi cewa Rodriguez ya yi suna a Ostareliya ba, har ya je ya yi wasanni a 1979 da 1981. An cire wannan ne, a ganina, don labarin ya fi kama da al'ajabi. Darasi ne gare mu: labarin da ya cika daɗi, a duba abin da aka bari a waje.

Maganar kuɗi kuwa, kamfanonin Afirka ta Kudu sun ce suna tura kason mawaƙi zuwa waje. Shi dai a duk waɗannan shekaru bai gani ba. A 2014 Harry Balk, wanda Rodriguez ya fara sa hannu da kamfaninsa na Gomba a shekarun 1960, ya kai Clarence Avant kotu. Zarginsa shi ne da gangan aka sa sunan Jesus Rodriguez a kan waƙoƙin don a kauce wa wancan kwantiragi na farko. Zargi ne na mai ƙara, amma ya isa ya nuna mana cewa sunan da aka rubuta a bayan faifai shi ke nuna aljihun da kuɗi za su faɗa. Rodriguez ya rasu ranar 8 ga Agusta 2023 yana da shekara 81. Kwana 5 bayansa Avant ma ya rasu.

Kammalawa

Kada mu ɗauka irin wannan sai a ƙasar Turawa. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, waƙoƙinsa na farko ta salula suka yaɗu, daga wannan waya zuwa waccan, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya ya shiga cigiyar mai ita kafin ya sa ta a faifai. Shi an same shi da ƙuruciyarsa. Rodriguez sai da ya haura 50.

Mutane da yawa na son ɗaukar tarihin nan a matsayin shaidar cewa rabo ba ya wuce mai shi, kuma mai haƙuri yakan dafa dutse. Haƙurin mutumin gaskiya ne, ba mai musu. Sai dai haƙurinsa bai wanke waɗanda suka ci guminsa ba, kuma tafin da aka yi mishi a 1998 bai maido mishi da shekarun da ya kamata ya yi yana tsara sababbin waƙoƙi ba. Faifai biyu kacal na sababbin waƙoƙi ya bari a duniya. Wa ya san nawa zai yi da kasonsa na isa hannunsa tun 1975?

A cikinmu akwai masu rubuta waƙa, akwai masu naɗa a ƙananan situdiyo na unguwa. Ku sa sunanku na gaskiya a kan aikinku, suna ɗaya, ku karanta takarda kafin ku sa hannu, ku yi rajista a ofishin kare haƙƙin mawallafa na BNDA. Mu kuma masu turawa juna waƙa, mu riƙa turawa da sunan mai ita. Allah ya sa mu gane.