Ƙarar Kunne Tsakanin Masu Aikin Katako na Anloga, Kumasi: Nauyin da Awon Ji Ba Ya Kamawa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ƙarar kunne, wato sautin da mutum yake ji a kunnensa ko a cikin kansa alhali babu abin da ke fitar da shi a waje, a rayuwar kafintoci da masu injin katako na unguwar Anloga a Kumasi. An bi ayyukan da aka buga kan hayaniyar wurin aiki a Gana, da ma'aunin da asibitoci ke amfani da shi, aka auna su da tsarin yinin mazaunin Zango, wato unguwar Hausawa da sauran mutanen arewa. Matsayar maƙalar ita ce: wurin aiki ne ke haifar da ƙarar, amma a lokutan shiru take cin mutum, kuma hanyoyin awon da ake da su ba su kai can ba.

1.0 Gabatarwa

Anloga tana cikin yankin Oforikrom, a bakin hanyar Accra. Sunanta ya zo ne daga garin Anloga na yankin Volta, inda kafintocin Ewe na farko suka fito, daga baya Hausawa da sauran mutanen arewa suka cika ta tare da su. Shekaru masu yawa ita ce cibiyar aikin katako ta Kumasi. A ƙarshen shekarun 2000 aka kwashe yawancin masu sana'ar zuwa ƙauyen katako na Sokoban domin a shimfiɗa hanyar Oforikrom zuwa Asokwa. Injuna sun tashi, amma mutanen da suka tsufa a gabansu da yawa suna nan, da kunnuwan da suka kwashe shekara ashirin ko talatin suna shan kukan zarto.

Jarach da abokan aikinsa (2022), a mujallar JAMA Neurology, sun ƙiyasta cewa kashi 14.4 cikin ɗari na manyan mutane a duniya suna da ƙarar kunne, wato sama da mutum miliyan 740, kuma ta tsananta ga kashi 2.3 cikin ɗari. Kaɗan ne daga cikin binciken da suka tattara ya fito daga Afirka. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Lasisi, Abiona da Gureje (2010), da suka samu kashi 14.1 cikin ɗari tsakanin tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarbawa.

2.0 Waiwaye

Aikin da duk mai magana kan kunnen ma'aikacin Kumasi zai fara da shi shi ne na Boateng da Amedofu (2004). Sun auna hayaniya a gidajen yankan katako da injunan niƙa da maɗaba'u, suka samu ta katako da ta niƙa sun haura desibel 85. Sun kuma samu alamar raguwar ji ta dalilin hayaniya ga kashi 23 cikin ɗari na masu niƙa, kashi 20 na masu katako, da kashi 7.9 na ma'aikatan ɗab'i. Aiki ne mai daraja, kuma ba da alƙalumansa nake jayayya ba. Jayayyata da yadda aka riƙa karanta irin wannan sakamako ne, har ya zama kamar duk wanda awon ji bai kama ba lafiyarsa lau.

Awon ji da aka saba yi yana neman mafi ƙanƙantar sautin da mutum zai iya ji a ɗaki mai shiru. Yana nuna ramin da hayaniya ke yi a wajen girgizar sauti 4,000 a daƙiƙa, wanda shi ne tambarin lalacewar ƙwayoyin gashin katantanwar kunne. Ba a gina shi don ya kama ƙarar kunne ba. Kujawa da Liberman (2009) sun nuna a jikin ɓeraye cewa hayaniya na iya tsinke mahaɗar jijiyar ji da ƙwayoyin gashi har abada, alhali awon ji ya koma daidai bayan 'yan kwanaki. Schaette da McAlpine (2011) sun samu raguwar saƙon jijiyar ji ga mutane masu ƙarar kunne waɗanda awonsu ya fito lafiya. Masana na ci gaba da muhawara kan girman wannan a jikin ɗan Adam, amma likitocin kunne ba su jayayya cewa ana samun mai ƙarar kunne da awo mai kyau. Ke nan a cikin kashi 80 ɗin masu katako da aka sallama a matsayin masu lafiya, ba mu da ikon cewa babu mai kwana da shuuu a kansa.

Jayayya ta biyu da shawarar da irin waɗannan ayyuka ke ƙarewa da ita ce: a sa abin toshe kunne, a aiwatar da doka. Gaskiya ne. Hukumar NIOSH ta Amurka ta ba da shawarar iyaka a desibel 85 na awa takwas, kuma kowane ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu: awa huɗu a 88, awa ɗaya a 94, minti 15 a 100. Injin goge katako da zarton lantarki sukan wuce 90, su kai 100. Amma a Gana, Dokar Masana'antu ta 1970 da Dokar Ƙwadago ta 2003 sun fi isa ga ma'aikacin kamfani mai rajista, yaron shago da ke koyon sana'a a hannun maigidansa kuwa ba kasafai sufeto ke ganinsa ba. Sannan rigakafi ba shi da abin cewa ga wanda abin ya riga ya kama.

3.0 Hanyar Bincike

Nazarin rubuce-rubuce ne. An karanta ayyukan da aka ambata, da jagorar ƙungiyar likitocin kunne ta Amurka ta 2014 da ta hukumar NICE ta Ingila ta 2020. An bi tambayoyi 25 na ma'aunin THI, mai auna nauyin ƙarar kunne, na Newman, Jacobson da Spitzer (1996) ɗaya bayan ɗaya, ana duba wane lokaci na yinin mazaunin Anloga kowace tambaya ta taɓa.

4.0 Sakamako

4.1 Shiru ne matattarar wahalar

A 1953 Heller da Bergman sun shigar da mutum 80 masu lafiyar kunne ɗakin da sauti ba ya shiga, na minti biyar. Kashi 94 cikin ɗari sun fito suna cewa sun ji ƙara. Jijiyar ji ba ta taɓa yin tsit. Sautin duniya ne ke rufe motsinta. Idan hayaniya ta rage abin da kunne ke aikawa, ƙwaƙwalwa takan ƙara wa kanta ƙarfin sauraro, sai wannan motsi ya fito fili. Kamar hasken aci-bal-bal ne: da rana tsaka ba mai lura da shi, da dare shi ne ya cika ɗaki.

A ɗora wannan a kan yinin mai injin katako. Daga hantsi zuwa Magariba yana cikin ƙarar da ta fi tasa nesa ba kusa ba, saboda haka ba ya jin komai. Wannan ne ya sa tambayar da aka yi masa a bakin inji ba za ta kama shi ba. Bayan Isha'i, tsakar gida ta yi sanyi, yara sun kwanta, sai abin ya taso. Mai fanka yana samun sauƙi ko bai san dalili ba, domin sautinta na rage tazarar da ke tsakanin ƙarar da shirun ɗaki. Duk wanda ya zauna a Kumasi lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki daga 2012 zuwa 2016, ya san dare nawa fanka ta tsaya. An yi lissafin asarar da masu injuna suka tafka a wannan lokaci. Ga mai ƙarar kunne akwai wata asarar, ta barci.

Wurin da ya fi damuna shi ne salla. Azahar da La'asar a asirce ake karatunsu, sahu ya yi tsit, mutum na neman ya tattara zuciyarsa. Haka kafin Asuba, haka tahajjudin goman ƙarshe na Ramadan. Waɗannan su ne lokutan da ƙa'idar Heller da Bergman ta ce ƙarar za ta fi bayyana, kuma su ne lokutan da Musulmi ya fi ƙin a raba masa hankali. Abin da ke biyo baya ba ƙaramin abu ba ne. Jastreboff (1990) ya bayyana cewa ba ƙarfin sautin ne ke sa wahala ba, ma'anar da ƙwaƙwalwa ta ba shi ce. Idan an auna, ƙarar kunne yawanci ba ta wuce 'yan desibel kaɗan a saman iyakar jin mutum, kuma ƙarfinta bai cika tafiya daidai da yawan damuwarsa ba. Sautin da aka ɗauka barazana ne, hankali ba ya sakinsa. To mutumin da ƙara ke zuwa masa daidai lokacin da ya kabbara, me zai fassara ta da shi? Waswasi, ko shafar aljanu, ko jifa, ko farkon taɓin hankali. Kowace fassara a cikinsu tsoro take ƙarawa, tsoro kuma na ƙara kasa kunne, kasa kunne na ƙara fito da sautin. Shi ya sa mutum zai ce "kunnena yana kuka" sau ɗaya, in ya ga yadda aka dube shi, ba zai sake ba.

Malamai ba su rasa abin cewa ba. Imam Nawawi ya ware babi a littafin Al-Azkar kan abin da mutum zai faɗa idan kunnensa ya yi ƙara, ko da yake masana hadisi sun raunana ruwayar. Sai dai babin ya fi dacewa da ƙarar ɗan lokaci da kowa ke ji ta wuce. Wanda tasa ta shekara goma yana buƙatar limaminsa ya gaya masa abu ɗaya a fili: larura ce ta jiki, ba ta ɓata salla, ba kuma alamar nisa da Allah ba ce. A ganina wannan jumla daga bakin malamin da aka yarda da shi tana yin wani yanki na aikin da maganin gyaran tunani da ɗabi'a ke yi, wanda shi ne ya fi kowane hujja a yau. Cima da abokan aikinta (2012) sun gwada kulawar da aka gina a kansa ga mutum 492 a Holan, suka samu raguwar damuwa da ingantuwar rayuwa.

Daga nan ne kuskuren shawarar gida ke fitowa. Ana ce wa mai ƙarar kunne, "Baba, ka huta, ka nemi wuri shiru." Dattijon da ya ajiye aiki ya koma zaure shi ne ya fi kowa shiga cikinta. Wani ya cusa auduga a gida, ya toshe ɗan sautin da ke taimakonsa, alhali auduga ba ta tare wani abin kirki a gaban inji. Samari kuwa sukan rufe ƙarar da waƙa a kunne, su ƙure murya, su ƙara wa kunnen rauni. Abin da ake so shi ne sauti marar ƙarfi, ƙasa da ƙarar kanta: fanka, ko rediyo mai batir da aka rage. Hujjar gwaji kan maganin sauti shi kaɗai ba ta da ƙarfi, kamar yadda bitar gwaje-gwaje da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2018 ta nuna, amma ba ya cutarwa kuma kusan kyauta ne.

4.2 Ma'aunin THI

Daga tambayoyi 25, ɗaya ce ta shafi barci. Akwai ta karatun littafi, akwai ta fita cin abinci da zuwa silima. Babu ta ibada, babu ta zargin asiri, babu ta kunyar faɗa wa iyali. Mutumin Anloga na iya samun maki kaɗan cikin 100 alhali abin da ya fi ci masa rai ba a tambaye shi ba. Fassara ma'aunin zuwa Hausa ko Twi ba za ta wadatar ba sai an ƙara tambayoyi.

4.3 Magunguna

Kwinin da asfirin mai yawa na sa ƙarar kunne, takan kuma tafi idan an daina. Allurar gentamicin da streptomycin na iya barin lahani na dindindin, amma ba a dakatar da maganin da likita ya rubuta sai da saninsa. Jagorar 2014 ta hana ba da ginkgo da melatonin da zinc don ƙarar kunne, saboda haka kuɗin da ake kai wa kemis da masu tallan magani a mota asara ne. Na'urar ƙara ji na taimaka wa wanda jinsa ya ragu, sai dai tana cikin abubuwan da inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ba ta biya.

5.0 Iyakar Binciken

Za a ce ba a auna kunnen kowa ba, ba a kuma raba takardar tambaya ba. Haka ne. Abin da ke 4.1 istinbaɗi ne daga ƙa'idojin da aka tabbatar a wasu ƙasashe, an ɗora su a kan tsarin rayuwar Zango, kuma mata masu niƙa da masu gawayi ba su samu rabonsu a nan ba. Amma takardar tambaya ba ta samo abin da ba a rubuta a cikinta ba, kuma sai an yi irin wannan aiki kafin a san me za a rubuta.

6.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Binciken fili na gaba a Anloga da Sokoban ya yi hirarsa a gida bayan Isha'i ko a ƙofar masallaci, da harshen mutum, ya kuma haɗa da waɗanda suka bar sana'ar. Ƙungiyoyin kafintoci su sa abin toshe kunne na gaske cikin kayan da maigida ke ba yaro ranar da ya fara koyo. Limamai da ma'aikatan ɗakunan shan magani su san alamomin da ba a zama da su a gida: ƙara a kunne ɗaya kawai, ƙarar da ke bugawa tare da zuciya, wadda ta zo da jiri, da ɗaukewar ji farat ɗaya. Ta ƙarshen nan gaggawa ce, domin maganinta ya fi aiki a kwanakin farko. Masu irin waɗannan a tura su sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, inda akwai cibiyar awon ji.