Alpha Phi Alpha: Yadda Ƙungiyar Ɗalibai Ta Tsara Mulkinta

Alpha Phi Alpha ƙungiyar zumunci ce ta ɗalibai maza, wadda matasa bakwai baƙar fata suka kafa a Jami'ar Cornell da ke jihar New York ta Amurka ranar 4 ga Disamba, 1906, a zamanin da sauran ƙungiyoyin ɗalibai ba sa karɓar baƙar fata.

Da farko ragamar mulki tana hannun reshen Cornell. Bayan buɗe reshe na biyu a Jami'ar Howard a 1907, sai aka kira babban taro na farko a Washington a Disambar 1908, inda wakilai suka zaɓi Moses A. Morrison a matsayin shugaba. Tun daga nan babban taron ne ke da wuƙa da nama: shi ke gyara kundin tsarin mulki, shi ne kuma ya buɗe ƙofa ga kowane launin fata a 1945. A 1911 aka kafa reshen tsofaffin ɗalibai na farko a Louisville. Yau hedikwatarta tana Baltimore, rassanta kuma sun kasu shiyyoyi 5.

Rassa suna fafatawa daga matakin shiyya zuwa na ƙasa don lambar gwarzon reshe, ta ɗalibai daban, ta tsofaffin ɗalibai daban. Ana duba ƙwazon karatu da hidimar al'umma, ciki har da wayar da kan masu zaɓe, aikin da ƙungiyar ta soma tun shekarun 1930. Martin Luther King Jr. da Thurgood Marshall duk 'ya'yanta ne.